Jatau Sha-Kwana da Motar Ƙwai

Wani mutum ne a garinmu ana ce masa Jatau Sha-Kwana. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, don ya ga mutane suna jan ƙafa. Direban tseren mota ne, irin tseren dajin nan da ake tare hanya a riƙa sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, su bi burji da yashi da kwazazzabo, wanda ya fi saurin cinye hanyar shi ya ci. Sana'arsa ke nan, a nan yake ci a nan yake sha. Kuma kar in ci haƙƙinsa, yana cinyewa. Sai dai bakin Jatau ya fi motarsa gudu nesa ba kusa ba.

In ya zauna a teburin mai shayi, to kowa ya naɗe labarinsa sai gobe. Shi ne ya taɓa shan kwana a kan taya ɗaya yana gyara zaman hula. Shi ne ya tsallake rafi da mota, kafin ya dira har ya tambayi masunta ya ruwa. Wai akwai ranar da ya riga ƙarar motarsa isowa, sai da ya fito ya wanke fuska sannan ƙarar ta ƙaraso tana haki. In ka yi dariya ya ce hassada ce. In ka yi shiru ya ɗauka ka yarda, ya ƙaro wani.

Abu ɗaya ne ba ya so a taɓo masa, zancen motar. Don kowa ya san inda gizo yake saƙa. Motar Jatau daga waje aka sauko da ita, don tsere kawai aka ƙera ta, ga makanikai rututu suna bin ta a baya da babbar mota shaƙe da tayoyi. Sauran direbobi kuwa da tsofaffin motocin gida suke fama. Wani ya sayar da gona, wani ya saki shago, a ƙarshe duk su sha ƙurar Jatau su koma gida suna tari. In wani ya kuskura ya ce ai mota ce, sai Jatau ya miƙe tsaye har yana ture kofin shayi.

"Mota? Ni mota ta dame ni? Hannu ne, malam. Ku ba ni baro, in dai an sa masa sitiyari. In ba ƙeyata kuka gani ba ku sake mini suna."

Har gidan rediyo ya je ya faɗi haka, ya maimaita, ya ce a sake sakawa da yamma saboda waɗanda suke gona.

To, a hankali direbobi suka fara zamewa. Wa zai yi ta zuba dukiyarsa don ya raka wani karɓar kofi? Aka wayi gari masu sayar da rake a wurin tseren sun fi motocin yawa. Sai kwamitin tsere ya zauna. Shugabarsu Hajiya Yalwa ce, dillaliyar taya, mace mai magana ɗaya, wadda in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi bara. Ta ce tsada ce take kashe tseren, to za a kashe tsadar.

Sabuwar doka ta fito. Ba motar waje, sai irin wadda talaka ke hawa. Inji ya zauna yadda kamfani ya haife shi. Tayoyin da ka tashi da su, su za su kai ka. Makanike ɗaya tal, kuma shi ne zai zauna a gefenka yana karanta maka hanya. Ranar jajibirin tsere a duba kowace mota, a ɗaure bonet da waya a buga dalma, daga nan ba a cire mata ko ƙusa, ba a ƙara mata ko tsinke. Wanda aka kama da maguɗi kuwa, shi da tsere har abada.

Ana cikin haka wani kamfanin baƙin mai ya ƙara wa miyar gishiri. Ya ce duk wanda ya ci tseren bana shi zai zama direbansa, a ɗinka masa riga, a kai shi ƙasashen waje ya yi tsere da manya. Wannan kujera ita ce Jatau ya yi shekaru yana mafarki.

A bainar jama'a Jatau ya fi kowa murna. Ya ce dama shi ya daɗe yana so a yi haka, yanzu ne za a bambance direba da mai riƙe sitiyari. Da ya koma gida kuwa, sai da ya zaga bayi ya fi a ƙirga. Da cikin ya lafa ya aika aka kira masa Cindo, ƙanin matarsa, wanda yake makanikensa tun ba yau ba. Suka shiga gareji suka turo ƙofa.

"Cindo, ka san dai na iya tuƙi."

"Na sani, Yaya."

"To amma ka san ita ma motar can takan ɗan taimaka."

"Tana taimakawa, Yaya. Sosai ma."

"Ban ce sosai ba."

Cindo ya sosa ƙeya. Ya ce akwai wata iska da ake ɗurawa a tulun ƙarfe, in aka hura wa inji ita, ko injin markaɗe ne sai ya nemi tashi sama. Matsalar ita ce inda za a ɓoye tulun.

Nan fa kan Jatau ya kawo wuta. Doka ta ce kowace mota ta ɗauki tulun kashe gobara. To me zai hana a shafa wa tulun iskar jan fenti, a ɗaure shi a fili kowa yana gani? Suka nemo tulu mafi girma a kasuwa. Suka sayo wata ƙwaraɓaɓɓiyar tsohuwar mota wadda kaji suka riga suka fara kwana a ciki. Cindo ya bi da siririn bututu ta ƙarƙashin shimfiɗa har cikin inji, ya shafe shi da baƙin mai da ƙasa. Saura mabuɗin da zai saki iskar.

"A sa maɓalli a ƙarƙashin kujera," in ji Cindo.

"Hajiya Yalwa har ƙarƙashin kujera take leƙawa. Sa shi a oda."

"Oda, Yaya?"

"Oda. Wa ka taɓa ji ya yi oda a tsere? Hanya a tare take, ba kowa. Direban tseren da ya danna oda ai ya zubar da girmansa. In masu dubawa sun danna, inji a kashe yake, ƙara kawai za su ji. Ni kuwa in na shiga daji, in ɗan taɓa ta kaɗan, fiii, sai labari."

Cindo ya ce kai Yaya, Allah ya yi maka kai. Jatau ya ce ya sani.

Ranar duba motoci aka turo tsohuwar, don sai da turi take tashi. Tana tari, tana atishawa, salansa yana rawa. Mutane suka yi ta dariya, yara suka sa mata suna Gyatuma. Hajiya Yalwa ta zagaya ta, ta leƙa sama ta leƙa ƙasa, ta zo kan jan tulun nan ta tsaya.

"Wannan na kashe gobara ne?"

"Shi ne, ranki ya daɗe."

Ta juya wajen sauran direbobi. "Kun gani? Ku kuna zuwa mana da ɗan mitsitsi kamar kwalbar turare. Ku yi koyi da Jatau."

Aka ɗaure bonet aka buga dalma. A ranar da la'asar Jatau ya yanka rago ya yi walimar bankwana, tun ba a yi tseren ba. Ya yafe wa kowa, ya nemi a yafe masa, ya tambayi maƙwabta tsarabar da suke so daga waje. Har ya yi wa mai shayi alkawarin zai riƙa kiransa a waya in ya samu sarari.

Gari ya waye, fili ya cika maƙil. Motoci sun yi layi a bakin hanyar da za ta kai su Rafin Gora, inda tseren zai ƙare. Jatau ya sha jar riga da safar hannu, yana ɗaga wa mutane hannu kamar mai neman ƙuri'a. Sai ga Hajiya Yalwa ta hau kan benci, lasifika a hannu ɗaya, ƙwarya a ɗaya hannun.

"Jama'a, akwai doka ɗaya da muka ajiye sai yau. Mun san halinku. Duk yadda muka duba, wani sai ya san yadda ya yi ya zuba dukiya a cikin inji a ɓoye. To kowa ya kawo mukullinsa ya jefa a ƙwaryar nan. Za a rufe da mayafi, kowa ya sa hannu. Wanda ka ɗauko, motar da za ka tuƙa ke nan. In mutum ya san wata rana abokin karawarsa ne zai hau motarsa, ba zai ƙara kashe mata abin da ya fi ƙarfin talaka ba."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Hajiya ta ɗaga hannu.

"Kuma kar ku gode mini. Wannan shawara a bakin Jatau muka tsince ta, a rediyo. Shi ya ce hannu ne, ko baro aka ba shi zai ci. Ko ba haka ba, Jatau?"

Duk ido ya dawo kansa.

"Haka ne, ranki ya daɗe," ya ce, da wata 'yar siririyar murya da ko matarsa ba ta san yana da ita ba.

Aka yi tafi. Shi aka fara miƙa wa ƙwaryar don girmamawa. Ya cusa hannu yana lalube, yana neman mukullin Gyatuma, amma safar hannun nan ta gayu ta hana shi jin komai. Ya jawo wani mukulli da aka ɗaure da tsumma. Mai sanarwa ya duba ya ce, "A-kori-kurar Baba Nomau."

Bari in gaya muku wane ne Baba Nomau. Dattijo ne mai dakon ƙwai. Tun yana saurayi yake ɗaukar ƙwai daga gonakin kaji yana kaiwa Rafin Gora, kuma ba a taɓa jin ya wuce ko mai keke a hanya ba. Shi bai san ma me ake ci a tsere ba. Abin da ya kawo shi, an ce masa ranar za a rufe hanyar Rafin Gora, ba mai bi sai motar tsere, shi kuwa masu shayi da masu wainar ƙwai suna can suna jiransa. Da ya ji sabuwar doka ta sa shiga ta yi araha, sai ya rubuta sunansa, ya ɗauko matarsa Tabawa a matsayin mai karanta hanya. Motar tasa da lodin ƙwanta aka duba ta aka buga dalma.

Kuma da aka zo kansa ya sa hannu a ƙwarya, mukullin wa kuke jin ya ɗauko? Na Gyatuma.

Baba Nomau ya tako har gaban Jatau, ya kama hannunsa biyu. "Ɗana, amana ce a bayan nan. Don Allah a bi da ita a hankali."

"Hajiya, a sauke ƙwan nan mana," in ji Jatau.

"Ba a cire ko ƙusa," in ji Hajiya, ko kallonsa ba ta yi ba.

Cindo ya matso kusa da kunnensa. "Yaya, mun shiga uku."

"Kwantar da hankalinka. In ba a taɓa oda ba, Gyatuma ko akuya ba za ta kama ba. Tsohon nan zai yi ta rarrafe har azahar. Ni kuma ko a wannan akwalar sai na nuna musu. Sirrinmu yana nan a rufe."

Baba Nomau aka fara saki. Ya shiga ya yi bismillah, ya gyara madubi, ya jira Tabawa ta gama ɗaura ɗankwali a kan hular kwano. Aka tura Gyatuma ta tashi. Aka kaɗa tuta. Ta fita tana tafiya ƙyaƙ-ƙyaƙ-ƙyaƙ, har wani mai rake yana bin ta a ƙafa yana yi wa Tabawa tayi. Fili ya kece da dariya. Jatau ya saki ajiyar zuciya, har ya fara murmushi.

Can gaba, daidai kwanar farko, sai ga wani abu fari ya fito daga cikin gero yana tafe a natse.

"Cindo, mene ne wancan?"

"Tunkiya ce, Yaya."

"Ba zai yi oda ba. Ai tsere ne. An gaya masa tsere ne."

"Yaya, mutumin nan ko ƙadangare ya gani sai ya yi masa oda."

Ɗiiit.

Abin da ya biyo baya, har yau masu rake ba su daidaita a kansa ba. Wasu sun ce Gyatuma ta ɗaga ƙafafun gaba. Wasu sun ce wuta ce shuɗiya ta fito ta salansa. Abin da kowa ya yarda da shi, an ji wuuum, aka ga ƙura ta tashi, da ta lafa babu mota babu alamarta. Tunkiyar tana tsaye a inda take, ta daina tauna. Daga can cikin daji kuwa ana jiyo oda, ɗiiit, ɗiiiiit, tana nisa tana ƙara tsawo.

Ku ku gane abin da ya faru. Tsoho ya ga mota ta haukace, tsoro ya kama shi kar ya take bayin Allah. Me direban kirki yake yi in yana tsoron take mutane? Oda. Yana oda tana ƙara wuta, tana ƙara wuta yana ƙara oda.

Jatau ya yi ta maza, ya ce ai iskar za ta ƙare. Cindo ya tuna masa cewa shi da bakinsa ya ce a sayo tulu mafi girma.

Da layi ya zo kansu suka hau a-kori-kura. Aka kaɗa tuta. Jatau ya cije leɓe ya taka totur da dukkan ƙarfinsa. Totur ya ɗan nutsa kaɗan ya tsaya cak. Ya sake takawa. Cak. Cindo ya sunkuya ya leƙa.

"Yaya, ƙarfe ne aka yi wa walda a ƙarƙashi. Saboda ƙwai."

"Fasa shi."

"Kayan aikina suna cikin Gyatuma."

Haka suka fita daga fili, a-kori-kura tana tafiya luƙui-luƙui kamar mai ɗauke da tulun ruwa a ka. Mai raken nan ya dawo ya yi musu tayi su ma.

Cindo dai ya buɗe takardar hanya don ya sauke nauyin da ke kansa. "Kwana hagu mai tsanani, a rage wuta."

Suka yi ta tafiya. Suka yi ta tafiya.

"Ina kwanar?"

"Tana nan zuwa, Yaya."

Da ta zo, Jatau ya murɗa sitiyari irin yadda ya saba, yana jiran bayan mota ya zame ƙura ta tashi. A-kori-kura ta bi kwanar cikin ladabi, har wani manomi a bakin hanya ya samu damar gaishe su ya tambayi mutanen gida. Motocin da aka saki bayansu suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, fuu, fuu. Direbobin da suka shekara suna shan ƙurarsa yau kowa sai ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Sannu da hanya, Sha-Kwana," sannan ya bule shi da ƙasa.

A ƙauyen farko suka tarar da mutane a kan bishiyar tsamiya, har da masu furfura. Wanzami yana tsaye da aska a hannu, wanda yake yi wa aski kuwa ya gudu da rabin kai. Tattasan da mata suka shanya ya tashi sama bai gama saukowa ba, gari duk atishawa ake yi.

"Wata mota ta wuce nan?" in ji Cindo.

"Mota ce ashe?" in ji wani daga kan reshe. "Mu dai mun ji oda, mun ji salati, sai muka ga hulunanmu sun bi ta. Amma dai mai ladabi ne ko wane ne. Tun daga nesa yake neman hanya."

A ƙauye na biyu aka ce musu ta tsallake rafi ba ta taɓa ruwa ba, kuma wata baiwar Allah a ciki tana ta ihu tana cewa, "Malam, yi musu oda." Jatau ya ji kamar ya haɗiye zuciya. Wannan tsallaken rafin nasa ne, shekara nawa yana ba da labarinsa, yau ga wani tsoho ya zo ya yi shi da gaske a gaban shaidu.

Haushi ya sa ya ce to wallahi ƙwan nan sai ya yi asararsu. Ya riƙa neman ramuka da gangan. Amma motar da aka yi shekaru ana lallaɓa ta ba ta san wannan ba. In ta zo rami sai ta sauka a hankali, ta ɗan huta a ciki, ta fito. A hawan wani tudu jaki ɗauke da itace ya wuce su. Mai jakin ya ce in suna da saƙo zuwa Rafin Gora su ba shi. Cindo kuwa tuni ya yi barci, takardar hanya a kan fuska.

Rana ta karkata sosai kafin su shigo Rafin Gora. Ba wanda ya kaɗa musu tuta, mai tutar ya tafi kallo. Jama'a duk sun taru a gaban rumfa. Ashe bikin ma jinkiri ya yi, don sai da aka haɗu aka ɓamɓare yatsun Baba Nomau daga sitiyari, aka yi masa fifita, aka ba shi kunu. Ga shi can a tsaye a kan dandamali, wakilin kamfanin baƙin mai yana saka masa riga mai walƙiya a kan 'yar-shararsa.

Mai sanarwa yana ta zuba. "Jama'a, tunda aka fara tsere a ƙasar nan ba a taɓa cinye hanyar nan da sauri haka ba. Ko Jatau da motarsa ta waje bai kama ƙafar wannan ba. Kuma a cikin me? A cikin Gyatuma, motar da sai an tura. Baba, gaya wa jama'a, mene ne sirrin?"

Baba Nomau ya karɓi lasifika da hannu biyu. "Wallahi ɗana ban san komai ba. Ni dai oda na yi ta yi don kar in take wani."

"Ni na ce ya yi ta yi," in ji Tabawa daga gefe.

"Kun ji tawali'u," in ji mai sanarwa. "Gwani ba ya yabon kansa. Wannan shi ne direba, sauran duk masu ɗumama kujera ne."

Fili ya ɗauka, Nomau, Nomau. Jatau yana tsaye a bayan taro, ƙura ta yi masa fari fat har gira. Wani da bai gane shi ba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka ga tuƙi ko? Ba irin na mai surutun nan na rediyo ba."

Cindo ya riƙe masa riga. "Yaya, don girman Allah ka yi shiru. In ka yi shiru, na ƙarshe kawai ka zo, baɗi ma rana ce. In ka yi magana mun ƙare."

Jatau ya gyaɗa kai. Ya san gaskiya Cindo ya faɗa. Sai ya ga wakilin kamfani ya ɗauko hula mai tambari, hular da ya riga ya gwada irinta a gaban madubi, ya ɗora wa Baba Nomau a kan hular sanyinsa, a karkace.

Ai sai ya fizge. Ya ratsa taro yana ture mutane, ya haye dandamali, ya warce lasifika.

"Ƙarya ne! Wannan tsohon ko keke bai iya ba. Mota ce. Wallahi mota ce. Ku zo ku gani."

Ya diro ya nufi Gyatuma, jama'a suka bi shi. Ya fizge ƙofa, ya ɗaga shimfiɗa, ya jawo bututu. "Kun ga wannan? Daga nan har inji. Wannan jan tulun da kuke gani, ba na gobara ba ne, iska ce. Fenti ne kawai. Na haɗa ta da oda, kana dannawa tana tashi. Kwamiti guda suka zagaye ta ba su gani ba, har yaba mini aka yi. Ku gaya mini, duk ƙasar nan wa yake da kan da zai ƙirƙiro wannan in ba ni ba?"

Ya tsaya yana haki, yana jiran tafi.

Tsit. Ko tari babu. Ya waiga neman Cindo, ya hango bayansa can yana shiga cikin masu sayar da rake. Sannan ya ga Hajiya Yalwa a gabansa, ta sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Ka gama?"

"Ranki ya daɗe, wato abin da nake nufi..."

"Mun ji abin da kake nufi, har na bayan rumfa sun ji. Allah ya saka da alheri, ka rage mana aiki." Ta karɓi lasifikar. Ta ce an soke gudun Gyatuma, kujerar kamfani ta koma ga wanda ya zo na biyu. Ta ce Baba Nomau ba shi da laifi. Jatau kuwa, daga yau ko tseren buhu aka shirya a garin nan, daga bayan igiya zai kalla.

Baba Nomau ya ce alhamdulillahi, ya tuɓe rigar da hular da sauri ya miƙa, dama zafi suke masa. Ya sauka ya nufi a-kori-kurarsa. Ya kwance igiya, ya ɗaga tamfol, ya bi kiret-kiret yana dubawa, yana ɗaga ƙwai yana haskawa a rana. Can ya dawo, idonsa ya kawo ruwa, ya kama hannun Jatau a gaban Hajiya, lasifika kuwa ba a kashe ta ba.

"Ɗana, na ji an raba ka da sana'arka, kar ka sa a ranka. Shekara da shekaru ina neman wanda zai karɓe ni, duk yaran da na gwada gaggawa gare su. Yau na duba kayan nan tun daga sama har ƙasa, ko tsagewa babu. Ni kaina nakan fasa ɗaya biyu. Gobe ka zo da wuri mu yi lodi. Kai dai Allah don dakon ƙwai ya halicce ka."